Ba-Fashi a Taron Likitocin Gudawa

Ɗakin da muke aiki a ciki bai fi akurkin kaji girma ba, sai dai shi gabansa gilashi ne. Kujera biyu, tebur ɗaya, makirufo biyu, sai ɗan agogo a tsakiya. A can ƙarshen zauren taro ake kafa shi, bayan kujerun kowa, inda ba wanda zai waiwayo. Mu tafintoci ne. Mai jawabi yana magana da yarensa, mu kuma muna zuba wa mutane a kunne da nasu, a lokaci guda. Kowa rabin awa yake yi ya miƙa wa ɗan'uwansa, don in an wuce haka ƙwaƙwalwa takan fara haɗa kan magana da gindinta.

Abokin zamana a akurkin shi ne wanda ya koya mini aikin. A gabansa Malam muke ce masa, a bayan idonsa kuwa Ba-Fashi, kuma ya san da sunan, yana ma jin daɗinsa. Tun da ya fara aiki bai taɓa sakin makirufo kafin rabin awarsa ta cika ba. An taɓa ɗauke wuta yana tsakiyar fassara, ya ci gaba da abinsa a cikin duhu, ba mai jinsa sai ni. Ni kuwa har gobe "yarinya" yake kirana, alhali ina da jika.

Darasin da ya fara ba ni shi ne tafinta bututu ne. Magana ta shiga ta nan ta fita ta can, kada ka riƙe ko ɗigo, kada ka ƙara ko ɗigo. In ka tsaya tunanin abin da aka faɗa, jimla uku sun wuce ka. Shi dai ya ƙware a wannan har abin yana ba ni tsoro. Zai fassara dogon jawabi kan gyaran gadoji ba tuntuɓe ko ɗaya, a fito shan shayi ka tambaye shi a kan me aka yi magana, ya ce Allah ne masani.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi zuwa wani taro a ƙasar waje, sabon shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Oga, kamar yadda muke kiransa, yaro ne mai son kwat da turare, sa'an babban ɗana. Ya ce a ganinsa shekarun Malam sun ja, jiki ba zai ƙara ɗaukar tafiye-tafiye ba, yana tunanin cire sunansa daga masu fita. A aikinmu wanda aka hana fita an sallame shi ke nan, sai dai a yi masa da ladabi. Ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya gani da idonsa, don haka zai bi mu wannan tafiyar, ya zauna a zaure ya saurara. Oga ba ya jin yaren baƙin ban da gaisuwa da godiya, amma ya ce shi daga murya yake gane gajiya. Kafin in koma kujerata labarin ya riga ni isa wurin Malam, don a ofishinmu sirri ba ya kwana. Washegari dai Malam ya zo ya rine furfurarsa, gashinsa baƙi wuluk.

Taron na likitoci ne daga ƙasashe da yawa, kuma a kan gudawar matafiya aka shirya shi, wato wadda takan kama mutum in ya sauka baƙon wuri ya ci ya sha. Malam ya fassara irin wannan taron sau ba adadi. Sunayen ƙwayoyin cutar, waɗanda ni sai na lanƙwasa harshe kafin in fitar da su, shi kiransu yake yi kamar sunayen 'ya'yansa: Salmonella, Shigella, Campylobacter. In ya zo kan E. coli har wani sassauta murya yake yi, kamar ita ce autar.

Ranar da muka sauka, da azahar, na tsallaka titi na sayi abinci wurin wata mata da ke gaban otal, tana kwashewa daga kan wuta tana zubawa, tururi na tashi. Malam ya gan ni da leda ya yi mini faɗa tas. Ya ce mace da girmanta tana cin abincin bakin titi a ƙasar mutane, in cikina ya ɓaci wa zai riƙe masa rabin awa? Shi ya nufi ɗakin cin abinci na otal, inda aka jera komai ƙarƙashin gilashi, mai zubawa kuma sanye da farar safar hannu. Na zauna kusa da shi ina kallo. Da safar nan mutumin ya buɗe ƙofa, da ita ya amsa waya, da ita ya gyara ganyen salak. Malam ya cika faranti da salak ɗin, ya ƙara da kankana da aka yanka tun safe, ya kora da lemo mai ƙanƙara har bakin kofi. Yana ci yana yi mini nasiha a kan tsabta.

Kwana biyu da haka aka buɗe taro. Malam ya shigo akurki da kwat ɗinsa da ɗamarar wuya, fuskarsa kamar toka. Da na karɓi makirufo sai ya miƙe ya fice, bai dawo ba sai dab da cikar lokacina, yana haki. Banɗakin yana can ƙarshen wani dogon baranda, kuma hanyar ta bi ta bayan kujerar Oga. Haka muka wuni. In yana kan makirufo murya tangaran, ba za ka ce akwai abin da ke damunsa ba, sai dai hannunsa na hagu da ke damƙe da gefen tebur. In ya sauka, sai baranda. Oga ya tare shi sau ɗaya ya tambaye shi ko lafiya, ya ce iyali ne suke ta kira daga gida.

Washegari Malam ya zo da fara'a, ya ce ya magance matsalar. Ya nuna mini ƙwayoyin tsayar da gudawa da ya saya a kantin magani na kusa da otal, ya riga ya sha rabin katin. Sannan ya ɗauki gorar ruwan da ake ajiye wa kowannenmu ya turo ta gabana.

"Sha naki da nawa, yarinya. Abin da bai shiga ba, ba zai nemi fita ba."

Na ce masa wannan ba dabara ba ce, kashe kai ne. Ya ce tun ban san hanyar makaranta ba yake tafiye-tafiye. Ya kuma ce in na kuskura na faɗa wa Oga, ko na kira likita, to in nemi wani malamin. Na san abin da yake tsoro, ni ma shi nake tsoro. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da abokan hira a ƙofar gida. Matarsa ta taɓa gaya mini cewa in yana hutu har labaran rediyo yake fassara wa bango. Sai na ƙyale shi, ina jin haushinsa ina jin tausayinsa.

A ranar ce babbar baƙuwar taron ta yi jawabi, wata Farfesa 'yar ƙaramar tsohuwa mai faɗa, kuma rabin awar farko ta Malam ce. Ban taɓa jin ya yi aiki mai kyau kamar na ranar ba. Da muryarsa mai daɗi ya gaya wa zaure cewa yawancin gudawar matafiya ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo ta, kuma ta abinci da ruwa suke shiga. Ya ce kada kyan wuri ya ruɗi matafiyi, abincin da aka sauke daga wuta da zafinsa ya fi wanda ya wuni a jere yana jiran mai ci. Ya ce a guji ɗanyen ganye, da 'ya'yan itacen da ba kai ka ɓare da hannunka ba, da ƙanƙara, don ba ka san da ruwan da aka yi ta ba. Ya ce a wanke hannu da sabulu. Ina kallonsa ta gefe ko zai ɗan ji kunya, ko gira bai ɗaga ba.

Ya ci gaba. Ya ce mafi yawanci takan tafi da kanta cikin 'yan kwanaki, abin da ke kayar da mutum shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman yara da tsofaffi, don haka babban magani shi ne a yi ta shan ruwan gishiri da sukari da aka haɗa da ruwa mai tsabta. Ya ce ƙwayar tsayar da gudawa tana da amfaninta, amma in akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida kada a dogara da ita, a nemi likita, don a nan ne ake iya bukatar maganin kashe ƙwayoyin cutar. Duk wannan daga bakinsa ya fito, leɓɓansa a bushe har sun tsage, zafin jikinsa kuma ina jinsa daga kujerata kamar na zauna kusa da murhu.

Ni ban taɓa zama bututun kirki ba, shi ya sa na ji. Da aka tafi ɗan hutu na kashe makirufo na tambaye shi kai tsaye ko akwai jini. Ba tambayar da mace za ta yi wa malaminta ba ce, kuma ya nuna mini hakan da ido. Ya daɗe yana kallon agogo, sannan ya ce ɗan kaɗan ne. Na tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari, ya ce in kama kaina.

Aka dawo, aka shiga tambayoyi, kuma lokacina ne. Malam ya cire abin sauraren da ke kunnensa ya jingina da bango ya rufe ido, ko barandar ma ya daina zuwa. Na duba zauren nan. Likitoci ɗaruruwa, kowannensu ya tsufa a kan cutar nan, ga mai ita a bayansu gilashi kawai ya raba su, su kuma suna ta kallon hotunan ƙwayoyin cuta a allo. Oga yana layin baya da abin kunne, yana gyaɗa kai.

Sai wani likita daga ɓangarenmu ya miƙe ya yi tambaya da yarenmu, doguwa, wadda rabinta yabon kansa ne. Abin da yake son sani shi ne ko ya dace matafiyi ya sha magani tun kafin ya bar gida. Aikina in mayar wa Farfesa da tambayar cikin yarenta. Na mayar, amma da ya zauna ni ban tsaya ba. Na ƙara da cewa yana kuma neman shawara a kan wani mutum da ya haura sittin, baƙo a gari, kwana biyu yana gudawa, ga zazzaɓi ga jini, ya sha ƙwayar tsayarwa da yawa, kuma ya daina shan ruwa don kada aikinsa ya tsaya. Tun da nake aiki ban taɓa ƙara ko kalma a bakin wani ba sai ranar. Dabarata ita ce Malam ya ji hukuncinsa daga bakin da ya fi nawa, ya tashi da ƙafarsa ya tafi asibiti a asirce, Oga bai sani ba.

Farfesa ta cire tabarau, ta ajiye. Daidai nan agogo ya cika. Malam ya buɗe ido kamar an tashe shi, ya mayar da abin kunnensa, ya taɓa hannuna alamar in saki, ya danna nasa maɓallin. Amsar tata ta bakinsa ta biyo.

"Tambayarka ta farko, ba kowa ake ba wa ba, sai mai wata lalura, kuma da izinin likita," in ji shi, a natse. "Amma wannan mutumin da ka ambata, me yake yi har yanzu ba a kai shi asibiti ba? Ya ajiye ƙwayoyin nan. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya. A shekarunsa ƙodarsa na iya tsayawa. Kuma ka gaya masa in ji ni, babu aikin da ya kai haka, wanda ya hana kansa ruwa yana gudawa ba jarumi ba ne, wawa ne."

Har ɗan zafin da ta sa a kalmar ƙarshe sai da ya kwaikwaya. Zaure ya yi dariya. Likitan da ya yi tambaya bai san wane mutum ake nufi ba, amma ya gyaɗa kai da girma ya rubuta. Oga ya waiwayo ya ɗaga mana babban yatsa.

Na sa hannu na danne maɓallin da ke yanke murya, na ce, "Malam, ka ji abin da ta ce?"

"Na faɗa daidai ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa daidai."

"To cire hannunki, tana magana."

Na cire. Ya ɗora daga inda ta kai, jimla ɗaya, biyu, a ta uku sai na ji abin da ban taɓa ji ba: Malam ya maimaita kalma. Ya sake maimaita ta. Kansa ya fara sunkuyawa a hankali har goshinsa ya taɓa makirufo, bakinsa bai daina motsi ba.

Na kunna nawa na yi magana da bakina, da yarenmu sannan da na baƙin. Na ce akwai mara lafiya a ɗakin tafinta, yana bukatar likita yanzu. Wallahi ba wanda ya juyo. Muryar da ke kunnensu ai ba ta mutum ba ce a wurinsu, ta mai jawabi ce, sai na ga wasu ma sun duƙa suna rubutawa. Na sake faɗa, wata a layin gaba ta ɗaga hannu za ta ba da amsa. Sai na cire takalmina na shiga dukan gilashin da shi.

Nan fa suka juyo, gaba ɗayansu, wasu da mamakin ashe akwai mutane a cikin akwatin. Kafin ka ce me ƙofar akurkin ta cika da manyan masana, ɗakin da mutum biyu ma da ƙyar. Biyu daga cikinsu suka fara gardama a kansa, wannan ya ce Shigella ce, wancan ya ce alamun sun fi kama da Campylobacter, ba mai jin yaren wani sosai, har ɗaya ya juyo yana neman in fassara masa. Farfesa ce ta ratso su da gwiwar hannu, ta ja fatar hannun Malam ta ga ta ƙi komawa, ta dube ni ta ce wannan ne mutumin? Na ce shi ne. Ta sa a kira motar asibiti, ta kwance masa ɗamarar wuyan da kanta. Gumi ya narkar da baƙin da ya shafa a gashi, yana gangarowa ta bayan kunnensa. Oga yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo, na sa hankicina na goge, amma ya riga ya gani.

An yi wa Malam ƙarin ruwa leda bayan leda, aka ɗauki bayan gidansa aka auna, aka sa shi a kan maganin da ya dace. Ƙodar ta tsira da ƙyar. Ni na ƙarasa taron da wani tafinta da aka aro, yaro mai kirki da ke sakin makirufo tun lokacinsa bai cika ba.

Oga ya zo asibiti ranar da za a sallami Malam, da kwandon 'ya'yan itace, yankakku, a rufe da leda. Ya yi magana mai daɗi ƙwarai. Ya ce muryar Malam ta ranar ba ta da na biyu, shi da kansa ya ji, ba gajiya ko kaɗan a cikinta. Ya ce amma hukuma ba za ta iya ɗaukar alhakin ran mutum a ƙasar waje ba, lokaci ya yi da zai huta ya ji daɗin jikokinsa, za a shirya masa walima. Malam ya yi godiya. Da Oga ya fita na ɗauke kwandon na kai bayan ƙofa.

Malam ya ƙi dubana. Na ɗauka zai ce na tona masa asiri, na kuma shirya amsata, don a cike nake. Da ya buɗe baki sai ya ce an gaya masa na ƙara magana a bakin mai tambaya. Na ce na ƙara. Ya ce ba haka ya koya mini ba. Na ce ba haka ya koya mini ba, kuma in an sake zan sake. Ya juya fuska wajen taga, ya ce da na bari ai da ya cika rabin awarsa. Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, sai na zuba masa ruwa a kofi.

Can likitan da ke duba shi ya shigo da takardar sallama. Ya tsaya a gefen gado ya fara bayani da yaren baƙin, yaren da Malam ya fi shi iyawa: yadda zai ƙarasa maganin ko da ya ji sauƙi, yawan ruwan da zai riƙa sha, abin da zai ci da wanda zai bari a hanyar komawa, da alamun da in ya gani zai koma asibiti. Likitan bai kai jimla ta biyu ba na ji muryar Malam ƙasa-ƙasa tana bin sa da yarenmu, tsaf, ba tuntuɓe, idonsa a kan bango. Likitan ya dube ni, na yi masa alama ya ci gaba. Ya gama, ya tambaya ko an gane, Malam ya fassara wannan ma. Likitan ya fita.

Malam ya kai hannu gefen gado kamar mai neman maɓalli, bai sami komai ba sai kofin ruwan. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo.

"Yarinya, me ya ce?"

Na ja kujera kusa da shi, na ce ya fara shan ruwan tukuna. Ya sha. Sannan na faɗa masa tun daga farko, a hankali, bakinsa a rufe.